Zumunci a Ƙafa Yake

Shekara talatin ina kiwon tumaki a gaɓar Camarones,
inda iska ba ta san hutun Lahadi ba.
Ni Anselmo Curiqueo, karatuna bai yi nisa ba,
amma na san lokacin da fengwin ke dawowa:
Satumba, mazan tukuna,
kowa ya nufi raminsa na bara a gindin ƙaya,
yana kuka kamar jakin da aka manta a turke.

Bana Dakta Eluned ta ɗauke ni aikin riƙo.
Ni ke damƙe baki, ita ke laluben jijiya.
Ɗigo uku daga ƙafa, sai kwalba, sai lamba.
Wani ya kufce ya sare ni a babban yatsa.
Ta ce, sannu.
Na ce, ya fi ni gaskiya, ni na shigo masa ɗaki.

Da la'asar ta ɗura wa guda ruwan ɗumi,
ta kifa shi a kan bokiti.
Abin da teku ta ba shi ya dawo:
ƙananan kifin anchoita goma sha ɗaya,
da bakin kalamar, baƙi ƙirin, lanƙwashe kamar na aku.
Na kudu, in ji ta, sardin suka fi samu.
Na ce, to, tukunya daban, miya daban,
ai dangi ma daban ke nan.

Ta miƙo mini ƙoƙon mate, ta girgiza kai.
Jinin da muka aika Madryn ya yi magana, ta ce.
Na nan da na can, da ƙyar ka raba su.
Yawancin 'ya'yan suna komawa inda aka ƙyanƙyashe su,
amma akwai mai kunnen ƙashi,
wanda zai bi kifi har ya wuce gida,
ya fito a rairayin da bai san kowa ba,
ya tona rami, ya yi aure, ya zauna.
Ba sai sun yi yawa ba.
Ɗaya nan, ɗaya can,
su ke ɗinke gaɓar nan kamar bakin buhu.

Na yi shiru. Ruwan mate ya huce a hannuna.

Herminia ta tafi Río Grande shekara bakwai ke nan,
tana haɗa talabijin a masana'anta.
Ranar da ta ɗaure jakarta na ce mata,
kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
Ta auri wani mutumin Chiloé da ban taɓa jin muryarsa ba.
An ce yaron ya ɗauko goshina.
An ce.

Ran Talata, a rami na ɗari biyu da shida,
muka tarar da mace kwance kan ƙwai biyu,
da zoben ƙarfe a fiffike, gishiri ya cinye rabin rubutun.
Dakta ta goge shi da yawu, ta karanta, ta sake karantawa.
Ba tamu ba ce, ta ce. Daga kudu take, nesa sosai.
Mijin kuwa na san shi,
mai tabon nan a ido, ɗan unguwa, haifaffen nan.
Ya tsaya a ƙofa yana hararar mu,
bai tambaye ta takardar asali ba.

Daren nan na kasa barci.
Dubbansu na ta kuka har asuba,
kowa na kiran nasa cikin duhu, kowa na ganewa.

Lambar wayarta na cikin hulata,
takardar ta yi laushi don gumi.
Sausayar tumaki saura sati biyu.
Direban motar ulu ya ce kwana biyu ne zuwa can,
in iska ta bar jirgin fito ya ƙetare.
Ban ce masa zan je ba.
Na dai tambayi kuɗin.